Kwana biyu a tsohon gidan Balad da aka maida otal, ya ci kuɗinsa kuwa?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, fatan an yi Juma'a lafiya. Tun Talata nake son kawo maganar nan hidima ta hana ni. Satin da ya wuce ƙanina ya biya mana kwana biyu ni da Inna a wani ɗan ƙaramin otal cikin Balad, tsohon garin Jidda, irin tsofaffin gidajen nan masu roshan, wato tagogin katako masu sassaƙa da suke turowa waje, da aka gyara. Ɗaki tara ne kacal duk gidan. Jirgin ƙasa na Haramain muka hau daga Makka, kafin Inna ta gama laziminta har mun iso tashar Sulaimaniyya a Jidda, muka ɗau tasi zuwa bakin Balad, daga nan mota bata shiga sai wata 'yar motar lantarki tazo ta kwashe mu da jakunkunanmu.

Su dai abin da suke tinƙaho dashi shine kula da muhalli. Babu robar ruwa ko ɗaya a ɗakin, kwalbar gilashi suke cikowa da ruwan da suka tace, in ta ƙare ka miƙa a ƙaro. Sabulun wanka a wani mazubi yake manne da bango, ba irin 'yan mitsi-mitsin nan da ake buɗewa a yi wanka ɗaya a yar ba. Tawul basa canzawa sai in kai ka jefa shi a kwando. Kumallo tun dare ake tambayarka, ful da tamis ne ko ma'asub ko shakshuka, da safe a kawo maka daidai cikinka.

Amma ba wannan ne yasa na rubuto ba, Inna ce. Waɗanda suka santa sun san tana budurwa tayi aikin wanki a gidajen Balad kafin ayi mata aure. Da muka hau bene na biyu aka buɗe mana ɗaki sai ta tsaya cak a bakin ƙofa, tace shekara nawa tana shiga irin gidajen nan amma iyakarta ƙasa wajen wanki da can sama wajen shanya, bata taɓa zama cikin roshan ba. Tace wa yaron otal ɗin ya kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Da hannunta ta ɗaga katakon tagar ɗaya bayan ɗaya kamar jiya ta bari, iska ta shigo ta ɓangaren teku har labule na tashi. Ta nuna min inda matan gidan suke jera shirab, tulunan ƙasan nan, iska na bugunsu ruwan yayi sanyi. A nan cikin roshan ɗin ta kwana, gadon ma bata hau ba, kuma wlh matar da kullum sai ta farka sau uku huɗu bata motsa ba sai kiran sallar farko daga Masallacin Shafi'i.

Kuɗin riyal 1,300 ne kowane dare har da haraji. Ni a wurina ya ci kuɗinsa, maigida kuma yace almubazzaranci ne da sunan hana almubazzaranci. Shine nace bari in ji ta bakinku.

Ɗan Karantina:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya saka wa ƙaninki da alheri, abin da yayi wa Inna babu mai kushe shi. Amma ni ina bayan maigidanki. Riyal 2,600 fa, kuɗin hayar wani na wata biyu kenan. Kuma me aka sayar miki? Kar a wanke miki tawul, kar a baki ruwan roba, ki kashe mukayyif. Su ne suka rage kashe kuɗi amma ke kika biya ƙari. Mu da muka tashi muna bin layin wayit, wato tankar ruwa, a ashyab inda ake cika ta tun asuba, ruwan wankin kaya dashi ake goge tsakar gida, wanda aka goge tsakar gida dashi a zuba a bayi, ba wanda ya taɓa ce mana masu kula da muhalli, talakawa ake ce mana.

Hajiya Babba:
Allah sarki Inna, har na yi ƙwalla. Ki gaishe min da ita.

Ummu Sadiƙ:
Ɗan Karantina tsaya in gaya maka abin da na gani da idona, shekara goma sha ɗaya ina aiki a sashen wanki na wani babban otal a nan Makka, bazan faɗi suna ba. A lokacin Ramadan da Hajji injinan wankinmu basa tsayawa dare da rana. Tawul ɗin da ake sauko mana dasu wlh da yawansu ko jiƙewa basu yi ba, mutum ya goge hannu sau ɗaya ko ya shimfiɗa yayi sallah a kai, an kwaso. Kowanne sai ya sha ruwan zafi da omo da bilic da na'urar busarwa. Akwai ɗan katin nan a bayi da yake cewa in kana so a bar maka tawul ka rataye shi, amma yaran da suke gyaran ɗakuna an basu ɗaki goma sha shida su gama kafin la'asar, wa yake da lokacin duba wanda aka rataye? Kwashewa suke gaba ɗaya, in kuma suka bari baƙo ya kira ƙasa yace ba'a gyara masa ɗaki ba su za'a yi wa faɗa.

Don haka in har Maman Hanan tace ta rataye nata kuma ta dawo ta same shi a inda ta bari, to ni a wurina wannan ba talla bace, da gaske suke. A gida mai ɗaki tara ana iyawa, a mai ɗaki dubu ne abin yake gagara.

Maman Hanan:
Yana nan inda na barshi Ummu Sadiƙ, har kwana biyun. Zanin gado ma sunce sai kwana na uku suke canzawa in ba ka nema ba.

Ɗan Karantina:
To na ji, amma ribar wa? Kuɗin omo da ruwan da suka tsira dashi aljihun wa ya shiga?

Injiniya:
Yaya Ɗan Karantina nasu ya shiga mana, ba musu. Amma bari in ɗan yi bayani a kan gidan kansa don a nan kuɗin yake tafiya, ni aikina kenan gine-gine. Gidajen Balad ba da bulo da siminti aka yi su ba, da dutsen murjani ne da ake haƙowa a bakin teku, su suna ce masa mangabi, a wajen tafkin Arba'in aka fi ɗebo shi. Dutse ne mara nauyi mai ƙofofi kamar soso. Ana jera shi sahu-sahu sai a shimfiɗa katako a tsakani, wanda suke kira takalil, don ya raba nauyi ya riƙe bangon, shi yasa gida yake kai hawa huɗu biyar bai rushe ba. Sai a shafe da nura, farar ƙasa kenan, wadda take barin bango yana numfashi. Katakon roshan kuma ta jirgin ruwa yake zuwa daga wajen Indiya da Jawa.

Irin wannan gidan in ka shafe shi da siminti ka kashe shi, danshi da gishiri za su maƙale a ciki dutsen ya rinƙa rugurgujewa. In famfo yana ɗiga cikin bango shima haka. To ka duba a saka bayi a kowane ɗaki, a ja waya, a saka mukayyif, duk ba tare da an cuci bangon ba, kuma masu iya aikin dutsen da sassaƙar roshan 'yan kaɗan ne suka rage. Gyaran gida ɗaya sai ya fi gina sabo tsada. Tunda UNESCO ta saka Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 kuma ba'a barin kowa yayi gyara yadda ya ga dama.

Ni a ganina babban abin da suka yi wa muhalli ba kwalbar gilashi bace, shine da basu rushe gidan sun zuba sabon kankare da ƙarfe ba.

Abu Fahad Direba:
Ni tambaya ɗaya gareni Maman Hanan. A watan Janairu kuka je. Ki koma a watan Agusta ko Satumba lokacin da ruɗuba, wato danshin iska, take sauka, gilashin mota ma jiƙewa yake kamar an watsa masa ruwa, ki kashe mukayyif ki buɗe roshan mu gani ko Inna zata yi bacci. Ina kai baƙi Balad kusan kullum, da rani ko sauka basa son yi.

Maman Hanan:
Gaskiyarka Abu Fahad, na ma tambayi yaron, yace da zafi kam kowa kunnawa yake, sai dai sun saita shi a 24 kuma in ka fita ka zare katin ƙofa yana mutuwa da kansa. Abu ɗaya da ya burge ni, ruwan da yake ɗiga daga mukayyif ɗin sun haɗa masa bututu zuwa wani tanki a tsakar gida, dashi suke ban ruwan shuke-shukensu, raihan da lalle da wata 'yar bishiyar lemun tsami. Mu namu a gida a bango yake tsiyaya har ya yi kore.

Injiniya:
Wannan dabara ce mai kyau kuma kowa zai iya. A Jidda da rani mukayyif ɗaya sai ya cika miki bokiti a yini. Ba na sha bane amma yana goge-goge da ban ruwa. Kar mu manta ruwan famfon da muke sha a Jidda da Makka yawancinsa ruwan teku ne aka cire masa gishiri, daga tashar Shu'aiba ake turo shi ta bututu har ya hau tudun Makka da Ɗa'if. Ko da sabuwar hanyar tacewa, kowace lita dubu tana cin wuta kilowat 3 zuwa 4 kafin ma a fara turo ta, sauran ruwan mai gishiri sosai kuma teku ake maida shi. Duk wanda ya bar famfo a buɗe a ƙasar nan wuta yake ƙonawa ba ruwa kaɗai ba.

Kawu na Misfala:
Yara ku bari in sa baki. Ni ɗiyata ce take rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Mahaifina Allah ya jiƙansa da ya iso Jidda aikin sagga ya fara, wato ga-ruwa, garwa biyu a sanda a kafaɗa, zaffa ake ce mata, yana hawa da ita benayen nan da kuke magana. Yana bamu labarin Kindasa, injin tace ruwan teku da aka kafa tun zamanin Turkawa a 1907, da gawayin kwal yake aiki, ruwansa sai mai hali. Sauran mutane ruwan sama suke tarawa a sahrij, rijiyar da ake ginawa a ƙarƙashin gida ko bayan gari, wani lokaci har da tsutsa a ciki a tace da mayafi a sha. Sai a 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Faɗima, a shekarar ne kuma aka rushe ganuwar gari.

Abin da nake so in ce wa Ɗan Karantina, ɗana kana da gaskiya, tattalin ruwa namu ne tun kafin a sa masa suna. Amma ka duba gidanka yau ka gaya min tsakani da Allah, 'ya'yanka suna yi? Nawa jikokin in suka shiga wanka sai na buga musu ƙofa. In otal ne zai tuna musu abin da kakansu ya ɗauka a kafaɗa ni ban ƙi ba.

Ɗan Karantina:
Allah ya ƙara girma Kawu, Allah ya jiƙan Baba. Basa yi kam, wannan na yarda. Amma abin da yake ci min rai daban ne kuma zan faɗa. Gidan da aka haife ni a unguwar Karantina ta Jidda ya tafi a rusau na 2021 zuwa 2022, tare da Sabil da Gulail da Hindawiyya da sauransu. Ban ce gidanmu yana da roshan ba, bulo ne da kwano, amma a nan uwata ta shekara arba'in tana sayar da siriyya da waina, maƙwabtanmu yanzu wani yana Harazat wani yana Bahra wani ya koma Najeriya. To in naji ana cewa an ceci tsohon gida an maida shi wurin kwanan masu kuɗi sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Ba da Anti nake ba.

Maman Hanan:
Na sani ƙanina, mu ma a Hindawiyya aka haife mu, ranar da muka wuce ta wurin Inna kau da kai tayi. Ban da amsar da zan baka.

Ɗan Maiurno:
Salam jama'a, ni baƙo ne a Jidda, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya kawo mu, ta Port Sudan muka tsallako. Ina karanta maganarku sai Sawakin, tsohuwar tashar jirgin ruwan Sudan, ta faɗo min a rai. Wanda ya santa ya san ginin iri ɗaya ne da Balad, dutsen murjani ne da roshan, kuma ta nan kakanninmu da yawa suka hau jirgin ruwa zuwa Hajji bayan sun yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. Da Turawan Ingila suka gina Port Sudan a farkon ƙarnin da ya wuce kasuwanci ya koma can, masu gidajen suka tashi, ba wanda yake shafa nura ba wanda yake gyara ɗigon ruwa. Na je da ƙafata shekarun baya, tsibirin yawancinsa tarin duwatsu ne, sai ka ga ƙofa a tsaye da sassaƙarta mai kyau amma bayanta babu gida. Babu wanda yasa katafila, rashin mutum a ciki ne ya cinye su.

Irin ginin nan in ba'a kwana a cikinsa mutuwa yake. Da a ce wani ya maida goma daga cikin gidajen Sawakin otal yana karɓar kuɗi, da yau ina da abin nuna wa ɗana. Zafin da Ɗan Karantina yake ji na san shi, nima na bar gida ban san halin da yake ciki ba, amma ni in na shiga Balad na ga fitila a cikin roshan daɗi nake ji.

Hajiya Babba:
Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗana, Allah ya maida ku gida cikin aminci.

Malama Ummu Ayman:
Amin. Ni maganar kumallon ce ta tsaya min. Duk wanda ya taɓa shiga bufe na manyan otal ya ga yadda ake cika faranti a ci loma uku a tashi. Binciken da hukuma ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na abinci a ƙasar nan asara yake bi, kimanin riyal biliyan 40 a shekara. Ƙungiyoyin hifzun ni'ima suna ƙoƙari suna kwashe wanda ba'a taɓa ba su raba, amma wanda aka riga aka jagwalgwala a faranti sai shara. Kuma mu da muka san Manzon Allah SAW da mudu ɗaya yake alwala, wanka kuma sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, bai kamata a ce sai wani ya zo ya koya mana ba. Sai dai ina tare da Abban Hanan a gefe ɗaya, wanda zai ci bashi ko ya taɓa kuɗin makarantar yara don ya kwana a irin wurin nan shima israfi yayi. Ƙaninki yana da hali kuma uwa yayi wa, nasa birrul walidaini ne.

Ummu Sadiƙ:
Maman Hanan abu ɗaya nake so in sani, ma'aikatan fa? Don ni ko otal ya dasa bishiya dubu in yana riƙe albashin mai shara wata biyu bana ganinsa da gashi. Kin lura da su?

Maman Hanan:
Albashi kam ban tambaya ba, kunya ta hana ni. Abin da na gani, matar da take gyara mana ɗaki ɗaki uku ne a hannunta, har ta zauna suka yi hira da Inna ta sha shayi, ba wanda ya leƙo yana kiranta. Masu tarbar baƙi kuma yaran Jidda ne, ɗaya ma Hausawi ne, kakarsa 'yar Kano, Hausarsa ta ɗan karye amma da yaji muna magana sai ya durƙusa ya gaida Inna. Shine ya zagaya damu ya nuna mana Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, da bishiyar darbejiyar da take ƙofar gidan. Inna tace a da in za'a yi wa baƙo kwatance cewa ake gidan da yake da bishiya, don babu wata a unguwar.

Abin da ban ji daɗinsa ba in faɗa kar a ce yabo kawai nake, babu lif, matakalar kuma doguwa ce, sai da muka huta sau biyu kafin mu kai. Sannan ƙarar kasuwa bata lafawa sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, katako baya tare sauti. Ruwan zafi kuma sai ka jira shi, wanda yake zuba kafin yayi zafi sun ajiye ɗan bokiti ka tara musu.

Abu Fahad Direba:
Wanda zai kai tsoho ya nemi ɗakin ƙasa tun wajen bukin, kuma ya je tsakanin Disamba da Fabrairu. In kuɗin kwana yayi yawa ba dole sai an kwana ba, ku je bayan la'asar ku shiga ta Bab Makka ku bi Suƙ Alawi, akwai gidajen da ake shiga kallo, a sha sobiya a ci balila a dawo. Duk mai so daga cikin group ɗin nan ranar da bana aiki zan kai shi, mai kawai zai zuba.

Ɗan Karantina:
Abu Fahad ka sa ni a lissafi, zan kawo Hajiyarmu. Kwana dai bazan biya ba, wannan ina kan bakana. Injiniya ka turo min yadda ake haɗa bututun mukayyif ɗin nan, guda uku gareni duk a titi suke zuba maƙwabci har ya yi min magana.

Injiniya:
Tiyo ne kawai na rabin inci da jarka mai murfi, ka tabbata tiyon yana gangarowa bai lanƙwashe ba in ba haka ba ruwan cikin ɗaki zai dawo maka. Ka rufe jarkar saboda sauro, ka san Jidda da zazzaɓin dengi. Zan ɗauki hoton nawa in turo in na koma gida.

Maman Hanan:
Nima a turo min. Sannan dan Allah wa ya san inda ake sayar da shirab na ƙasa na gaske a Makka, ba na ado mai fenti ba? Tunda muka dawo Inna ta ƙi shan ruwan firij, tace a samo mata guda biyu da ɗan turaren mastaka ta turara su ta ajiye a tagar ɗakinta.

Kawu na Misfala:
Ɗiyata kar ki saya, akwai guda uku a sito na marigayiya gwaggonki, tun rasuwarta ba wanda ya taɓa su. Ki turo Hanan gobe bayan la'asar ta ɗauka, ki ce wa Inna ta jiƙa su kwana ɗaya kafin ta zuba na sha.